Mallakar barasa ga masu ƙarancin shekaru a Amurka

Mallakar barasa ga masu ƙarancin shekaru laifi ne a dokokin jihohin Amurka, wanda ake tuhumar wanda bai cika shekara 21 ba da shi idan aka same shi da giya ko wani abin sha mai sa maye. A takardun 'yan sanda da na kotu an fi kiran sa da haruffan sunansa na Turanci, wato MIP. Dukkan jihohi 50 da babban birnin tarayya, Washington, sun haramta wannan mallaka, amma kowace jiha ce ke fayyace laifin da hukuncinsa da kanta. Shi ya sa abin da a New York ba ya wuce tarar dala 50, a Texas yana iya kai mutum kurkuku har kwana 180 idan karo na uku ne.

Wanda aka tuhuma yana da hanyoyi da dama a gabansa. Zai iya amsa laifi ya biya tara, ko ya nemi shiga shirin kauce wa shari'a, ko ya daidaita da mai gabatar da ƙara, ko ya musanta tuhumar ya kare kansa, sannan daga baya ya nemi a goge laifin daga tarihinsa. Hanyar da ya bi takan shafi lasisin tuƙinsa da karatunsa da neman aikinsa, har da takardar zamansa a ƙasar idan baƙo ne.

Tarihi

Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sarrafa barasa da sayar da ita a duk faɗin Amurka. Gyara na 21 da aka yi wa kundin tsarin mulki a watan Disambar 1933 ya soke haramcin, ya kuma bar wa jihohi ikon tsara harkar barasa a cikin iyakokinsu. Yawancinsu suka tsayar da 21, shekarun da ake ɗauka na balaga a doka a wancan zamani.

A 1971 gyara na 26 ya rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18. Kusan jihohi 30 suka bi sahu suka rage shekarun shan barasa zuwa 18 ko 19 ko 20. Ba a jima ba bincike ya fara nuna ƙaruwar haɗarin mota a tsakanin matasa, wasu jihohi suka fara ja da baya, kamar Michigan da ta koma 21 a 1978. A 1980 Candy Lightner ta kafa ƙungiyar MADD ta iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, bayan wani direba da ya bugu ya kashe 'yarta mai shekara 13 a Kalifoniya. Ƙungiyar ta matsa wa majalisar dokokin tarayya lamba matuƙa.

Ranar 17 ga Yuli 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar ƙasa ta mafi ƙarancin shekarun shan barasa. Dokar ba ta hukunta matashi kai tsaye. Abin da ta tanada shi ne, duk jihar da ta bar wanda bai kai 21 ba ya sayi barasa ko ya riƙe ta a bainar jama'a, za a zaftare mata kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gina manyan hanyoyi da take samu daga tarayya. An rage wannan kaso zuwa 8 daga 2012. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara tana cewa an shiga huruminta, amma a 1987 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar da rinjayen alƙalai 7 a kan 2. Wyoming ce ta ƙarshe da ta bi, a 1988. Yankin Puerto Rico har yanzu yana kan 18.

Wa ake nufi da mai ƙarancin shekaru

A yawancin jihohi mutum yakan zama baligi a idon doka da shekara 18: yana jefa ƙuri'a, yana ƙulla yarjejeniya, yana shiga aikin soja. Amma a babin barasa kalmar "ƙarami" ta haɗa da duk wanda bai kai 21 ba. Wannan ya raba waɗanda ake tuhuma gida biyu.

Rukuni na farko su ne yara 'yan ƙasa da 18. A jihohi da yawa kotun yara ce ke sauraron shari'arsu. Irin wannan kotu ta fara ne a gundumar Cook ta jihar Illinois a 1899, kuma manufarta gyaran tarbiyya fiye da horo. Ana kiran iyaye, sau da yawa ba a buɗe zaman ga jama'a, kuma sakamakon ba ya zama hukuncin laifi irin na manya. Jihohi irin su Texas da Georgia da Wisconsin suna ɗaukar ɗan shekara 17 a matsayin babba a shari'ar laifi.

Rukuni na biyu su ne masu shekara 18 zuwa 20, waɗanda galibinsu ɗaliban jami'a ne ko sababbin ma'aikata. Kotun manya ake kai su, kuma hukuncin na iya shiga kundin da kowa zai iya dubawa. Su ne suka fi fuskantar illa mai daɗewa.

Nau'o'in mallaka

Kotuna sun san mallaka iri uku. Ta farko ita ce ta zahiri, inda aka ga kwalba ko gwangwani ko kofi a hannun mutum, ko a aljihunsa, ko a jakarsa. Ba sai an buɗe kwalbar ba, kuma ba sai ya sha ba.

Ta biyu ita ce mallaka ta iko. Barasar ba ta hannunsa, amma ya san tana wurin kuma yana da ikon sarrafa ta, kamar a ce tana cikin motar da yake tuƙawa ko cikin firjin ɗakinsa. A ƙa'ida, kasancewa kawai a wurin da wasu ke sha bai isa hujja ba; sai an nuna sani da iko. A kan wannan nau'i aka fi yin jayayya a kotu, musamman idan 'yan sanda sun shiga gidan biki suka rubuta wa kowa takardar sammaci.

Ta uku ita ce mallaka a cikin jiki, wadda wasu jihohi kaɗai suka sani. A Missouri, tun 2005, ana iya tuhumar wanda ya bugu a fili ko wanda barasar da ke jininsa ta wuce kashi 0.02 cikin ɗari, ko da ba a ga komai a hannunsa ba. Michigan ma tana da irin wannan tanadi.

Wannan laifi daban yake da tuƙi bayan an sha. Wata dokar tarayya ta 1995 ta sa jihohi tsayar da iyakar kashi 0.02 ko ƙasa da haka ga direban da bai kai 21 ba, alhali iyakar manya 0.08 ce a kusan ko'ina. Amfani da katin shaida na jabu don sayen barasa shi ma laifi ne mai zaman kansa, kuma hukuncinsa yakan fi tsanani.

Inda doka ta yi togaciya

Ƙa'idojin tarayya ba su ɗauki wasu halaye a matsayin mallaka a bainar jama'a ba: ibada, kamar shan ruwan inabi a coci ko a bukin Yahudawa, kasancewa tare da uba ko uwa ko waliyyi ko abokin aure da ya kai 21, magani bisa umarnin likita, da ɗaukar barasa a bakin aiki a wurin da ke da lasisi. Ba dole ne jiha ta amince da duka ba, don haka sai an duba dokar wurin da abin ya faru.

A Texas ƙarami na iya riƙe barasa idan yana gaban idon mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko waliyyinsa ko abokin aurensa baligi. A Wisconsin yana iya sha har a mashaya tare da iyayensa, idan mai mashayar ya yarda. A New York an togace abin da iyaye suka ba ɗansu da kansu, da kuma abin da ɗalibi ya ɗanɗana a darasin da manhaja ta tanada, kamar na koyon girki. Dokar Kalifoniya ta tsaya ne kan titi da wuraren da jama'a ke shiga, kuma ta karɓi uzurin wanda iyayensa ko mai gidansa a wurin aiki suka aike shi ya kai kaya.

Hukunci

A New York tarar ba ta wuce dala 50, tare da yiwuwar darasin wayar da kai da aikin yi wa al'umma hidima har awa 30. Sammaci ake bayarwa, kuma ba a lissafa abin cikin laifuffukan da ke ɓata suna.

A Michigan, daga 1 ga Janairu 2018, karon farko ya zama saɓa ƙa'ida kawai, da tarar da ba ta wuce dala 100 ba. Daga karo na biyu ne yake zama ƙaramin laifi.

A Kalifoniya ƙaramin laifi ne. Karon farko tarar dala 250 ce ko aikin hidima na awa 24 zuwa 32. Karo na biyu tara har dala 500 ko awa 36 zuwa 48.

A Texas karon farko tara har dala 500, aikin hidima na awa 8 zuwa 12, darasin wayar da kai, da dakatar da lasisin tuƙi na kwana 30. Karo na biyu dakatarwar kwana 60 ce, na uku kwana 180. A karo na uku, wanda ya kai shekara 17 na iya biyan dala 250 zuwa 2,000, ko a ɗaure shi har kwana 180, ko a haɗa masa duka.

A Pennsylvania tarar karon farko na iya kai dala 500, na gaba kuma dala 1,000. Jihar ta daina dakatar da lasisi saboda wannan laifi a 2019.

Haƙƙoƙin wanda ake tuhuma

Gyara na 4 na kundin tsarin mulki ya hana bincike da kamu ba bisa dalili ba. Tun shari'ar Mapp da Ohio ta 1961, kotunan jihohi ba sa karɓar shaidar da aka samu ta haramtacciyar hanya. Shari'ar Terry da Ohio ta 1968 ta ba ɗan sanda damar tsayar da mutum na ɗan lokaci idan yana da zargi mai tushe. Shiga gida kuwa sai da takardar izinin kotu, ko yardar mai gida, ko larura ta gaggawa. A makaranta an sassauta: shari'ar New Jersey da T.L.O. ta 1985 ta ce malamai na iya binciken ɗalibi da zargi mai ma'ana, ba tare da takardar kotu ba.

Wanda aka tsare ana yi masa tambayoyi yana da haƙƙin yin shiru da neman lauya, kuma dole a faɗa masa haka bisa hukuncin Miranda na 1966. A 2011, a shari'ar J.D.B. da Karolina ta Arewa, Kotun Ƙoli ta ce dole a yi la'akari da shekarun yaro wajen tantance ko a tsare yake lokacin da aka yi masa tambaya.

Shari'ar Gault ta 1967, wadda ta taso daga Arizona kan wani yaro mai shekara 15, ta ba yara haƙƙin sanin tuhumar da ake yi musu, da samun lauya, da yi wa shaidu tambayoyi. Shari'ar Winship ta 1970 ta wajabta tabbatar da laifin yaro ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Sai dai a 1971 kotun ta ce tsarin mulki bai wajabta masu taya alƙali yanke hukunci a kotun yara ba.

Lauyan gwamnati na kyauta ba kullum ake samun sa ba. Bisa hukuncin Argersinger na 1972 ba a ɗaure mutum ba tare da an ba shi damar samun lauya ba, amma hukuncin Scott da Illinois na 1979 ya ce idan tara ce kawai, jiha ba ta da tilas ta ɗaukar masa. Da yake yawancin tuhumar karon farko tara ce, matasa da dama sukan tsaya gaban alƙali su kaɗai, sai wanda iyayensa suka iya biya ko jami'arsa ke da ofishin ba ɗalibai shawarar shari'a.

Hanyoyin da ke gaban wanda ake tuhuma

Amsa laifi. Ita ce hanya mafi sauri, kuma ita ce ta fi barin tabo. A wurare da yawa biyan tarar da ke jikin takardar daidai yake da amsa laifi. Texas ta hana ƙarami amsa laifin barasa sai a buɗaɗɗiyar kotu gaban alƙali. Akwai kuma amsar "ba na jayayya", wadda ba furta laifi ba ce, amma hukuncinta ɗaya ne.

Shirin kauce wa shari'a. Mai gabatar da ƙara ko kotu kan dakatar da shari'ar, a gindaya wa matashin sharuɗɗa: darasi kan illar barasa, aikin hidima, biyan kuɗin shirin, wani lokaci gwajin fitsari ko numfashi, da kauce wa sabon laifi na wasu watanni. Idan ya cika, a kori ƙarar. Galibi masu laifin farko ake ba wannan dama, kuma sau ɗaya. Wasu garuruwa suna da kotun matasa, inda sa'o'in yaron ne ke yanke masa horo ƙarƙashin kulawar babba.

Jingine hukunci. Nan sai mutum ya fara amsa laifi, sannan alƙali ya jinkirta rubuta hukuncin zuwa wani wa'adi, wanda a ƙananan kotunan Texas ba ya wuce kwana 180. Idan ya karya sharaɗi, hukunci ya hau kansa ba tare da wata shari'a ba. A Texas, ko an kori ƙarar ta wannan hanya, ana lissafa ta a matsayin karon farko idan aka sake kama shi.

Daidaitawa da mai gabatar da ƙara. Lauya na iya neman a sauya tuhumar zuwa wadda ba ta ambaci barasa ba, ko a mayar da ita saɓa ƙa'ida. A Kalifoniya doka ta ba da damar sauke wannan laifi zuwa wannan mataki.

Musanta tuhuma. Nauyin kawo hujja yana kan gwamnati: ta tabbatar da shekarun mutum, da cewa abin barasa ne, da cewa yana hannunsa ko ikonsa. Kariyar da aka fi kawowa ita ce an yi bincike ba bisa ƙa'ida ba, ko barasar ta wani ce, ko ba a tabbatar da abin da ke cikin kofin ba, ko akwai togaciya. A 2007 wata kotun tarayya a Michigan ta ce tilasta wa matashi mai tafiya a ƙasa hura na'urar gwajin numfashi ba tare da takardar kotu ba ya saɓa wa tsarin mulki. Haɗarin wannan hanya shi ne, wanda ya faɗi a shari'a yakan rasa tayin sassaucin da aka yi masa tun farko.

Ɗaukaka ƙara. Wa'adinta gajere ne. Daga ƙananan kotunan Texas da ba sa ajiye rikodin zama kwana 10 ne, kuma kotun gunduma takan sake sauraron shari'ar daga tushe.

Rashin zuwa kotu ranar da aka sa yakan jawo takardar kamu da ƙarin tuhuma, ko da ainihin laifin na tara ne kawai.

Afuwa ga wanda ya nemi taimakon gaggawa

Tsoron tuhuma yakan hana matasa kiran motar asibiti idan abokinsu ya sha har ya suma, jinkirin kuma na iya zama ajali. Saboda haka jihohi da dama suka yi dokar afuwa. Ta Texas, wadda aka yi a 2011, ta kare wanda ya fara kiran lambar gaggawa 911, ya tsaya a wurin har taimako ya iso, ya kuma ba jami'ai haɗin kai. Kalifoniya na da makamanciyarta. Afuwar ba ta shafi tuƙi cikin maye ba. Jami'o'i ma suna da nasu tsarin, kamar wanda Jami'ar Cornell ta fara a 2002.

Goge tarihin laifi

Korar ƙara ba ta share bayanin kamu da kanta. A wurare da yawa sai an shigar da buƙata ta daban. Gogewa na nufin a lalata fayil ko a ɗauke shi kamar bai taɓa kasancewa ba, rufewa kuma na nufin a ɓoye shi daga jama'a amma wasu hukumomi su ci gaba da gani. A Texas wanda aka samu da laifin barasa sau ɗaya tak yana ƙarami na iya neman gogewa daga kotun da ta hukunta shi da zarar ya cika 21. Pennsylvania ma ta ba da wannan dama bayan cika 21 da kammala hukunci. Fayil ɗin kotun yara ba ko'ina yake rufuwa da kansa ba idan yaro ya girma.

Illolin da ke biyo baya

Jami'a na iya ladabtar da ɗalibi ko da kotu ta wanke shi, domin ma'aunin hujjarta bai kai na kotu tsauri ba. Gyaran da aka yi wa dokar sirrin bayanan ɗalibai a 1998 ya ba jami'o'i damar sanar da iyayen ɗalibin da bai kai 21 ba. Hukuncin na iya fitowa a binciken masu ɗaukar aiki, da fom ɗin shiga soja, da neman lasisin aikin lauya ko jinya ko koyarwa.

Ga ɗalibai baƙi, har da masu zuwa daga Najeriya da Nijar da Ghana, akwai ƙarin nauyi. Fom ɗin neman bizar Amurka yana tambaya ko an taɓa kama mutum ko hukunta shi, ko da an yi masa afuwa. A dokar shige da fice, amsa laifi a kotun manya tare da karɓar wani horo na iya zama hukunci ko da jiha ta kori ƙarar daga baya, kuma gogewar jiha galibi ba ta share shi. Shi ya sa bambancin shirin kauce wa shari'a da jingine hukunci ke da muhimmanci ga baƙo.

Muhawara

Hukumar kiyaye haɗurra a manyan hanyoyin Amurka ta ƙiyasta cewa dokar shekara 21 ta ceci rayuka fiye da 30,000 tsakanin 1975 da 2017. Masu suka kuwa suna cewa ta tura shaye-shayen ɗalibai cikin ɓoye, inda babu mai sa ido. A 2008 shugabannin jami'o'i fiye da 100 suka sa hannu a takardar Amethyst, wadda John McCardell ya jagoranta, suna neman a sake duba dokar, MADD kuma ta yi adawa da su. Babu jihar da ta rage shekarun tun daga lokacin. Sauyin da aka gani shi ne na sassauta hukuncin karon farko, kamar yadda Michigan da Pennsylvania suka yi.

A Kanada shekarun 18 ne ko 19 gwargwadon lardi, a Birtaniya 18, a Jamus kuma 16 ga giya da ruwan inabi, 18 ga barasa mai ƙarfi.